Tukwanen Furannin Yaya Asabe a Murhu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shara da safen nan aka buga min waya: Yaya Asabe ta rasu a asibitin Yelwa.

Maƙwabciyata ce. Ita ce matar da ke kwaɓa siminti da yashin bakin kogi, ta shafa baƙin mai a tsohuwar roba, ta zuba tukwanen furanni da kujerun tsakar gida. Ita ta koya min. Dakalin da 'ya'yana ke karatu a kai, da hannunta ta gyara min shi ranar da na cika wa kwaɓin simintinsa ruwa.

Wasu na kiranta "birkila" suna dariya. Yau su ne a status da hotonta.

Kafin a kwantar da ita a asibiti na same ta ta zuba manyan tukwane na sabon gidan 'yarta Murja, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ta ce, "Maman Sadiya, siminti jariri ne. Ki riƙa ba su ruwa har in dawo, kar su yi fushi su tsage."

Ban taɓa fashi ba.

Bayan an kai ta na shiga gidan, sai na tarar matan dangi sun jawo tukwanen nan sun kife, sun ɗora tukunyar shinkafa a kai, wuta na ci. Biyu sun riga sun fashe.

Na ce, "Mi kuke yi haka?"

Wata ta ce, "Haba Hajiya, duwatsun murhu ne babu. Ai siminti ne kawai."

Kawai? Aikin ƙarshe na uwa ga 'yarta? Murja na ɗaki tana kuka, ku kuna ƙona abin da aka bar mata don baƙi su ci shinkafa. Gidan rasuwa ba gidan biki ba ne. Kafin ku taɓa kayan mamaci, ku tambaya. Wannan ko yaro ana koya masa.

Ɗaya daga cikin tukwanen ta tsira, gefenta ya yi baƙi. Na sa an kai ta gidana, na rufe da buhu, na ba ta ruwan yamma. In ta yi ƙwari, Murja za ta karɓa daga hannuna.

Allah Ya jiƙan Yaya Asabe, Ya sanyaya kabarinta, Ya ba Murja haƙuri. Wanda ya karanta, ya ajiye wayar ya yi mata addu'a tukuna.