Hotunan da Yaya Habu ya kulle

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa, amma har yau in na ratsa kasuwar Agege sai wani ya tare ni: "Ƙanin mai hoto, ina hotonmu?"

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babu suna ko biki a unguwarmu da bai ɗauka ba, daga gidajen mahautan Oko-Oba har na 'yan coci. Da damshin Legas ya fara cin fina-finan kyamara da hotunan da ya tara a kwalaye, sai ya kwafe su kaf cikin kwamfuta, ya sayi wata manhaja mai matse hotuna ta kulle su a tsarinta. Kwalayen kuwa ya zubar. In na yi magana sai ya yi dariya: "Oga, kai dai baƙauye ne. Babban kamfani ne fa, ba ya mutuwa."

Allah ya jiƙanka, Yaya, kamfanin bai daɗe a bayanka ba. Ashe manhajar ba ta buɗe komai sai ta nemi izinin kamfanin ta intanet, shi kuma ya rufe. Hotunan suna nan cikin faifan ajiya, wani ɗan akwati kamar tafin hannu. Na zaga da shi wajen masu gyara har na gaji. Da Yaya na raye, na san masifa zai fara yi, daga baya ya rasa barci, don amanar mutane ya ɗauka.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Maman Bulus, 'yar kudancin Kaduna mai sayar da abinci. Ɗanta ɗaya tilo ya rasu a hatsarin okada, wato acaɓa, ambaliya kuma ta lalata hotunan ɗakinta. Saura na ranar baftismarsa, wanda Yaya ya ɗauka. Watan jiya na kai mata akwatin, na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Amma yana ciki?"

Na ce, "Yana ciki, Mama."

Ta goge hannu da zane, ta karɓa. "To, ɗana, bar min shi a ɗakina, ko bai buɗu ba."

Ina kewar Yaya ƙwarai. Ya yarda da abin da bai kamata ba, amma bai taɓa barin kowa ya fita shagonsa hannu rabbana ba. Na bar mata akwatin.