Rumfa Mai Lamba Bakwai a Kan Tudu

A duk shekarun da na yi ina tuƙa motar ofis, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na nuna wa Oga Nasiru tudun da waya ke kamawa. Ni Garba direba, firamare kawai na gama, ba a tambayata shawara a wurin aiki. Sau ɗaya na bayar ba a tambaye ni ba, ga abin da ta haifar.

Gwamnati ce ta fito da tallafi don masu ƙananan sana'o'i a ƙauyukan kan iyaka da waɗanda ke nesa da titi. Ga wanda bai san tsarin ba: jami'in tantancewa zai je ya ga mai sana'a da idonsa, ya cika fom a waya, ya ɗauke shi hoto da kayan aikinsa, ya tura nan take. Lokacin turawa wayar ke buga alamar wurin da ake tsaye a kan taswira, wai don kada jami'i ya zauna a gida ya ƙirƙiro mutane. Oga Nasiru, matashi ɗan matakin albashi na takwas, shi aka ba ɓangaren Gwandu da Kalgo, ni kuma na ja shi.

A Malisa da Kambaza aiki ya tafi lafiya. Ranar Laraba muka shiga wata tunga a bakin fadama ta wajen Kalgo, ƙarshen damina, hanya duk taɓo. Maigari ya tara mutane. A cikinsu akwai Ummaru, mai gyaran injin ban-ruwa. Ba shi da shago. Jakar sifana yake ratayawa ya bi gonakin shinkafa da ƙafa, inda inji ya tsaya nan ne wurin aikinsa. Buƙatarsa ɗaya ce, ƙaramin injin walda. In bututu ko gindin inji ya tsage, sai an kwasa zuwa gari, kwana uku shinkafa ba ruwa, wani ya ci kuɗin gyaran. Ya ce in bai samu ba kafin noman rani, barin garin zai yi.

Oga ya cika fom ɗinsa, ya danna turawa, waya ta yi ta juyi. Ya hau turmi, ya hau katanga, shiru.

Ummaru ya ce, "Yallaɓai, garinga ko gaisuwar mutuwa da ƙahwa muka kai ta."

Oga ya ce, "To sai mu koma, in rubuta cewa ba sabis."

Na ga fuskar Ummaru, sai bakina ya buɗe. Na ce, "Oga, akwai wani tudu can gaba, tafiyar rabin awa. Nan direbobi ke kiran gida."

"Baba Garba, ka tabbata?"

"Har hoto yana shiga."

Sawu huɗu na yi. Na kwashi mai ƙosai da kaskonta, tela da kekensa, mai bandar kifi, Fulani mata biyu da ƙwaryar nono, da sauransu. Ummaru ya ɗauko wani mataccen inji ya rungume. Tudun ba komai a kansa sai sabara da suri. Kowa ya tsaya ya riƙe kayansa, Oga yana bisa rufin mota yana turawa. Kafin la'asar mun gama, mutane suna ta sa mini albarka. Mai ƙosai har ta ƙulle mini na ashirin a leda.

Bayan kamar wata biyu Darakta ya kira Oga Nasiru. Ni na ɗauko masa fayil, don haka ina bakin ƙofa. Darakta ya juyo da kwamfuta, ga taswira, ɗigo-ɗigo sun taru wuri guda.

Ya ce, "Nasiru, ka yi aiki. Ka gano cibiyar kasuwanci da ba wanda ya san da ita. Sana'o'i iri-iri a fili ɗaya, ko rumfa babu."

Oga ya ce, "Yallaɓai, ba kasuwa ba ce. Wurin da sabis yake ne kawai."

"Na riga na nuna wa na sama, sun yaba. Kana so in koma in ce musu na'ura ta yi ƙarya, ko kuwa kai ne ka kwashe mutane daga wurin sana'arsu ka saɓa ƙa'ida?"

Oga ya dubi ƙasa. Takardar ƙarin girmansa tana kan wannan teburin. Ya ce, "Cibiya ce, Yallaɓai."

Tsarin ya ce inda masu sana'a suka taru da yawa, ba a raba kuɗi hannu-hannu, sai a haɗa a yi musu aiki na bai ɗaya. Aka haɗa kason tungar nan duka aka ba ɗan kwangila. Ya kafa rumfuna layi biyu a kan tudu, ya rufa kwano, ya shafa fenti.

Ranar buɗewa ni aka sake turawa in kwaso mutanen, da kasko da keke da ƙwarya, don manyan baƙi su ga kasuwa tana ci. Aka yanka ƙyalle, aka tafa. Aka miƙa wa Ummaru takardar rumfa mai lamba bakwai. Ya juya ta gaba da baya, ya matso kusa da Darakta.

"Ranka shi daɗe, injin da ya mace cikin hwadama, shi za ya hawo nan ko ni za ni gangara?"

Darakta ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa, ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji mutanenmu da barkwanci."

A hanyar komawa Ummaru ya zauna gaba kusa da ni. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi, "Direba, da ka bari munka rasa, da yanzu muna cikin waɗanda ba a kai gare su ba. Yanzu ko an rubuta an ba mu."

Gaskiyarsa. Da aka zo zagaye na biyu, aka tsallake tungar, tunda takarda ta nuna sun amfana. Ummaru bai yi noman ranin nan a tungar ba. Na ji yana Jega, yaron wani mai walda, da furfurarsa. Manoman tungar kuwa a amalanke suke kai injinsu gari. Rumfunan suna nan, awaki ke kwana ciki. Oga Nasiru ya samu mataki na tara.

Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ga abin da na koya. Fom ɗin da ba a cika ba yana da magani, wata rana wani zai koma. Wanda aka cika ba daidai ba, in ya hau sama aka tafa masa, ba mai saukowa da shi, sai dai a gyara ƙasa ta yi kama da shi. Mutanen ofis ba mugaye ba ne, kowa tsoron teburin da ke gabansa yake yi. Ni dai yanzu in jami'i ya ɗaga waya sama ya ce, "Baba Garba, ina ake samun sabis a nan?" sai in ce masa ni tuƙi aka ɗauke ni.