Aljihun Hagu na Rekiya

Hussaina maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan, don ni Dije ban yi boko ba. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Rekiya, kin rasu ranar Laraba bayan la'asar, Hussaina ta ce sha shida ga Oktoba ne. Ni dai na san ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, lokacin da kika fi so, don a nan ake fara bukukuwa, mata su fito da sababbin ɗinkuna.

Ke ba tela ba ce, ko maɓalli ba ki iya sawa daidai ba. Shara kike yi a wani asibiti. Amma in kin dawo unguwarmu Dutse Alhaji, sai ki zauna kusa da kaskon ƙosaina da biro da bayan tsohuwar kalanda, kina kallon matan da ke wucewa, kina zana riguna. Ba nasu kike kwafa ba, naki kike ƙirƙira. Ranar da ƙafata ta kumbura, ke kika soya ƙosan, kika ƙona rabi, kika ce, "Mama, wannan sabon yayi ne."

Kowace riga kika zana, sai kin sa mata ɓoyayyen aljihu a hagu. Ke bahaguwa ce, kuma an taɓa fizge miki jaka a mota. Kin ce mace ba aljihu, wahala ce.

To, ga abin da ke cina. Akwai Bartholomew, tela mai shago a Gwarinpa. Bara ya riƙa zuwa sayen ƙosai. Tun daga Gwarinpa, don ƙosai? Yana ci yana leƙa takardunki, waya a hannu. Kin ce mutumin kirki ne.

Watan jiya na raka Hussaina can karɓar ɗinki. Na ga riga ruwan ƙasa a jikin gunkin tallan kaya na shagonsa, mai faɗin hannu, wuya kamar ganyen kuka. Na matsa na zura hannu a hagu. Hannuna ya shige, Rekiya. Ban gaya miki ba, kina kwance ba lafiya.

Ban ce ya sata ba. Allah ne ya sani. Amma ranar uku ya zo gaisuwa, bai gama gaida mijinki Nazir ba ya ce, "Oga, ina takardun nan nata? Zan adana muku." Sai na ce, "Ɗana, an riga an adana." Suna ƙarƙashin katifata, a leda. 'Yarki Sumayya ce za ta karɓa in ta gama koyon keken ɗinki, ba wani ba.

Duk matar da ta sayi riga a kakar bana ta ji aljihu a hagu, ta yi wa Rekiya addu'a. Hussaina, sa sunan da kyau.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki. Nazir, Sumayya, da dangin Rekiya na Okene, Allah ya ba ku haƙuri.

Na gaji haka nan. Rufe biron.