Ranar da Tankata Ta Ci Ƙwai da Garin Kwaki

Ina tsaye a bakin titin Masaka, tankar ruwan da nake tuƙawa sai aman farin hayaƙi take yi, lagireto yana tafasa. Can cikin Abuja kuwa magina sun tara yashi da siminti, ruwana kawai suke jira su zuba dekin bene.

Nan da nan jama'a suka kewaye ni. Mai shayi ya ce a fasa ƙwai a lagireto, babu ɓular da ba ya toshewa. Muka fasa. Wata mai doya ta ce mijinta garin kwaki yake zubawa. Muka zuba. Wani dattijo ya rantse da barkono, shi ma muka antaya.

Sai ga Oga Sande bakanike. Ya duba baƙin man inji, ya tarar ya koma kamar kunun gyaɗa. Ya leƙa lagireto, ya sunsuna, ya yi atishawa.

Ya ce: "Direba, gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. Wa ya ce maka mota yana jin yunwa?"

"To yanzu yaya za a yi?"

"Ko ka kawo albasa mu ƙarasa girki, ko ka matsa in kwance kan inji."

Na matsa. Aka goge kan injin, aka sa sabon gasket da ƙusoshi masu ƙwari. Magina kuwa tuni suka kira wata tankar.

Har yau in na wuce, mai shayin nan sai ya ɗaga hannu yana murna: "Direba, ka ga aikin ƙwai ko?"

'Yan uwa direbobi, ku me aka taɓa sa ku ciyar da motarku?