Ƙidayar Rigunan Kan Igiya

Ko tsufa ya sa na manta sunana, ba zan manta abin da na jawo wa Mma a zaɓen shugaban ƙasa ba, shekarar da na gama sakandare. Mma, mahaifiyata, tela ce a unguwarmu ta Moshi Zongo. Ta yi niyyar ɗinka ɗankwali masu launin jam'iyyar da za ta ci, ta sayar ranar murna. Ƙarfinta na yadin jam'iyya ɗaya ne kawai, ko mai mulki ko ta adawa. Ta ce bari ta zaga gidajen suna ta ji bakin mata tukuna.

Na ce, "Haba Mma, bakin mata? Lokacin kamfe kowa maƙaryaci ne. Ba ni kwana uku."

Taron kamfe ko kallo bai ishe ni ba, don masu babur ɗin da suka raka wannan ranar Asabar su ne za su raka wancan ranar Lahadi. Igiyar shanya na bi. Jam'iyyun biyu duk sun raba riguna, ni kuwa a wayona, rigar da mutum ke sawa har ta yi datti ya wanke, ita ce a ransa. Na gama unguwarmu, na shiga Kaladan, har Kasalgu na kai, ina leƙen katangar mutane da biro a hannu. Wata tsohuwa ma ta biyo ni da muciya, wai ɓarauniyar kaya. Ko'ina rigar mai mulki ce ke lilo.

Mma ta ce, "Kin tabbata?"

"Mma, lissafi fa na karanta."

Ta sayo yadin mai mulki, mako biyu kekenta bai huta ba.

Ranar da aka faɗi sakamako, adawa ce ta ci. Titi ya cika da rigunan adawa sababbi fil, ko alamar ninki ba ta bar jikinsu ba. Sai ga Hajiya maƙwabciyarmu tana rawa a cikin tata. Na tare ta.

"Hajiya, ke ba ta mai mulki ba ce? Kullum rigarsu ce a igiyarki!"

Ta yi dariya har ta dafa bango. "Wannan? Da ita nake soya kifi, Alhaji kuma da ita yake zuwa gona. Tamu tana akwati da turare, 'yar nan. Wa zai kai rigar ƙauna cikin hayaƙi?"

Mma ba ta zage ni ba, gara ma ta zage ni. Ta loda ɗankwalin a tire, ta ɗora min a kai. "Malamar lissafi, je ki sayar." Na wuni ina yawo da launin waɗanda suka faɗi, yara na min ihu. Biyu kacal aka saya, Hajiya ce ma, wai za ta riƙa sauke tukunya da su.

Tun ranar na koyi cewa ƙirga ba sani ba ne. In ina son sanin abin da ke ran mutum, sallama nake yi, in zauna, in rufe bakina in saurara.