Gaisuwar Zaure

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, ita ce shekarar da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina. A cikinta muka shiga aikin ɗan doka a Wurno, ni da abokina, ɗan masunta daga Goronyo. Ɗaki ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci.

Mai horar da mu wani tsohon saje ne. Ba a fili yake koya mana ba, sai cikin wani ƙuntataccen zaure. Yakan ce a zaure kulki ba shi da amfani, don babu wurin ɗaga shi. Sai ya shafa wa guntun muciya baƙin tukunya, ya ɓoye a hannun riga inda ake ɗaura wuƙa, ya zauna kamar maigida. Mu shiga ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fito da baƙi a riga, ya mutu ke nan.

Abokina kullum sai ya mutu. Da ya ga furfura sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, saje kuwa ya shafa masa baƙi a wuya, mu yi ta dariya.

"Kai ɗan masunta, mi na ce maka? Gaida mutum tsaye, idonka ga hannunai!"

"Baba Saje, in inna ta ji na gaida babba tsaye, ai ita za ta riga ka kashe ni."

Har yau ina jin dariyar da saje ya yi ranar.

Bayan kaka aka aike mu wani ƙauye kusa da Rabah, mu zo da wani dattijo da ya sari maƙwabcinsa kan iyakar fadama. Muka same shi zaune a zaure. Abokina ne a gaba. Ya tsaya tsaye kamar yadda aka koya mana, har na ji daɗi. Sai dattijon ya ce, "Yaro, ɗan wa kake da ba ka iya gaisuwa ba?"

Kunya ta kama shi. Ya durƙusa, ya ce, "Baba, yi haƙuri."

Ban ga fitar wuƙar dattijon ba, sai faɗuwar abokina na gani. Na dai naɗe mayafina a hannu, na manne wa mutumin, na danne shi da bango yadda saje ya nuna. Horon ya yi aiki, amma a kaina kaɗai. Abokina ya cika a cinyata kafin a kawo jakin da za a ɗauke shi.

Na koyi cewa ladabi ma yana da wurinsa, amma ban taɓa iya ganin laifin abokina ba. Yanzu da na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, shi nake so in rubuta wa wasiƙa.

A zauren nan na rasa yatsu biyu da aboki ɗaya. Saje kuma bai sake dariya ba.