Farar Rigar Yaya Hamidu

Abin da na fara gani a Mubi, tun ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, wani ƙyalli ne a bakin tasha. Ina saman lori a kan buhunan gyaɗa, na taso daga Sorau, a shekarar da aka jefa ƙuri'ar farko ta zaɓen inda yankinmu zai bi bayan mulkin mallaka. Cikin taron nan kaf mutum ɗaya ne ya fita daban, daga rawani har wando shuɗi, rana na dukan kafaɗarsa tana dawowa. A lokacin kaina cike yake da ƙananan littattafan soyayya da ake bazawa a kasuwa, saboda haka na ce a raina wannan ɗan sarki ne ya ɓad da kama, ya fito neman masoyiyarsa. Ashe Yaya Hamidu ne mai gishiri, ɗan kawuna, ya zo tarbata. Ya rungume ni, ya sake ni. Na duba sabuwar farar rigar da na zo birni da ita, na ga kamar an goge tukunyar marina da ita.

"Kar ka gode, Ɗan Goggo," in ji shi. "Kyauta na yi maka."

Ku da kuka zauna a Sabon Layi kun san sauran. Kakansa marini ne da ya zo daga ƙasar Kano, shi kuwa bai gaji sana'ar ba, ya gaji launin. Kuma ba shuɗi kawai yake zubawa a jiki yadda ya samu ba, akwai doka. Na ciki ya zama mai haske, na waje mai duhu. Ranar kasuwa saƙi ne, mai zanen zabuwa. Juma'a kuwa kore ce, wato rigar nan mai shuɗi baƙi-baƙi, wadda ta sha baba ta sha bugu har tana ɗaukar ido, da rawani ɗan Kura da yake naɗawa yana barin kunne ɗaya a tsaye. Koren nan ba ta taɓa ganin ruwa ba. In ta dusashe sai ya kai wa mabuga su sake lafta mata shuni su buge. In kuwa hadari ya haɗo, kafin ɗigo ya faɗo ya tuɓe ta ya naɗe ya cusa a hammata, ya bar kansa da gishirin ga Allah.

Wanda duk ya tambaye shi dalili, amsa ɗaya ce. Ya nuna sama da yatsansa, wanda shi ma shuɗi ne, ya ce, "Da aka tashi yi wa duniya rufi, wane launi aka zaɓa? Ɗaga kai ka gani."

Matsalar ita ce shunin ba ya zama a jikinsa shi kaɗai. Matan unguwa na gane gishirin Hamidu tun daga cikin ƙwarya. A masallacin Juma'a kuwa sahunmu kullum da giɓi biyu, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Liman ya yi ta cewa a cike sahu, a haɗa kafaɗa, masu fararen riguna suna kallon ƙasa kamar sun kurumce. Wata rana aka samu wani baƙo ya shiga giɓin da zuciya ɗaya. Da aka sallame ya ga kafaɗarsa, ya fara faɗa. Yaya ya riƙe hannunsa ya lallashe shi, ya ce mako mai zuwa ya tsaya ta ɗaya gefen don rigar ta daidaita.

Ranar ƙuri'a ta biyu, ana gab da azumi, ya shiga rumfar zaɓe ya daɗe har layi ya fara gunaguni. Can ya leƙo ya tambayi ma'aikacin ina akwati na uku. Aka ce biyu ne, kowanne da launinsa. Ya ce ya gani, amma babu nasa a ciki, kuma ƙasar da ba ta da akwati shuɗi bai ga yadda za ta yi ƙarko ba. Da ƙyar ya jefa. Ana cewa ƙuri'a sirri ce, amma takardar Yaya ta fita da shatin yatsunsa, duk wanda ya ƙirga ya san inda ya bi.

Yana fitowa ya gifta layin mata, gama a wannan karon mata ma sun jefa. Wata mace doguwa cikin farin mayafi ta tattare gefen zanenta, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Malam, matsa can, kar ka goge ni." Ya Falmata ke nan, mai turaren wuta, wadda iyayenta suka zo daga Barno, mijinta ya rasu ya bar ta da gida mai farar ƙasa tas. Yaya ya tsaya cak. Shekararsa ta haura arba'in, matarsa ta fari ta daɗe da rasuwa, kuma tun daga nan bai sake duban kowa ba sai rigunansa. A hanyar gida ya tambaye ni abin da littattafaina suka ce a kan mutumin da aka kora ya ji daɗi. Na dafe ƙirji na ce masa ai soyayya ce, ta kama shi.

Ya fara zuwa zance. Zuwa na farko ya bar shatin bayansa a bangon zaurenta. Na biyu ya bar na gwiwoyinsa a farar tabarma. Na uku ya sha ruwa ya bar na leɓe a bakin ƙoƙo, don gefen rawanin ya riga shi shiga. Ya Falmata ta kira ni, tunda ni ne ɗan rakiya, ta ba ni saƙo a fili. Akwai wani mai fataucin shanu daga Belel da yake nemanta, kuma ta yi masa alkawarin amsa ranar ƙaramar Salla. In Hamidu da gaske yake, ya zo mata gaisuwar Salla cikin farar riga, sau ɗaya tak. Tana so ta ga ko akwai mutum a cikin shunin nan. In ya zo da shuɗi, na Belel ya samu mata.

Na kai saƙo, na ƙara da nawa. Na ce masa a littafi jarumi na barin gadon sarauta saboda masoyiya, wani ya haye teku, wani ya kwanta jinya har gashinsa ya zube. Ya ce duk ya yarda, a nuna masa tekun. Amma farar riga? Ya daina cin abincin kirki a buɗa-baki. Ya riƙa auna wa mutane kanwa a madadin gishiri. Azumi ya kai goman ƙarshe kafin ya sa ni gaba muka je wurin tela, yana tafe yana waige kamar mai zuwa sayen abin kunya.

Da aka gama ɗinki ya gwada a ɗaki, ya sa na rufe ƙofa. Ya dubi madubi ya ce ya zama buhun gishirinsa. Ni kuwa, don in ƙarfafa masa gwiwa, na ce yadin ne sabo, yana da ɗan ja-ja, in aka ɗauraye shi da bula zai yi fari ƙal. Ya tambaye ni mece ce bula. Mutumin da bai taɓa mallakar farin ƙyalle ba, ina zai san ta? Na bayyana masa ɗan dunƙulen shuɗin nan ne da masu wanki ke jiƙawa a ruwan ɗauraya don fari ya ƙara haske.

Ya juyo a hankali. "Ɗan Goggo, sake faɗa. Shuɗi ne yake ƙara wa fari fari?"

Na ce ƙwarai, amma ɗan kaɗan ake sawa.

Wannan "ɗan kaɗan" bai shiga kunnensa ba. Ranar jajibere da hantsi aka ga Yaya Hamidu da kansa ya nufi mayo, wato kogi, da baho a ka, ya raɓa cikin mata masu wanki. Ya kwashe duk bular da ke teburin mai kayan ƙoli na bakin layinmu, ya narkar da ita a baho guda. Matan suka yi ta ce masa ta yi yawa, ya ce su ba su san irin farin da ake nema a wurinsa ba. Ya tsoma, ya cire, ya duba, ya sake tsomawa. Rigar da ya shanya a kan yashi ta fito kalar sararin sama bayan ruwa, da wasu gizagizai a gadon baya inda ba ta kama sosai ba.

Na roƙe shi ya ari ta wani. Ya ce a kan me, ga tasa ta yi kyau?

Ranar Salla muka tarar da na Belel ya riga mu, yana zaune a zaure cikin babbar riga fara sol, ga ƙawayen Ya Falmata sun cika ƙofa. Ni kuwa ina jiran wani ya suma kamar yadda ake yi a babi na ƙarshe. Ya Falmata ta fito, ta dubi rigar tun daga wuya har ƙasa, ta tambayi Yaya ko saƙonta bai iso ba. Ya ce ya iso, ga shi ma ya cika. Ta tambaye shi wane launi ne wannan.

"Fari ne," in ji Yaya. "Fari ne da ya ji wanki."

Ƙawayen suka kwashe da dariya. Na Belel ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a kira yaro ƙarami ma ya raba gardama. Yaya bai ko murmusa ba. Ya ce da hannunsa ya wanke ta, da abin da ake sa wa fari, kuma shi a idonsa bai taɓa ganin farar riga mai kyawun wannan ba. Ni na san ba wayo yake yi ba, har cikin ransa haka ya gani. Ita ma ta gane. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ga ƙawayenta.

"Mutumin da zai dubi wannan ya dage fari ne," ta ce, "in na tsufa zai dage yarinya ce ni. Ku kawo masa tabarma."

Babu wanda ya suma. Na Belel ya ci tuwon Salla ya kama hanya, aka ɗaura aure kafin damina. Ya koma gidanta da zama, ta sa masa doka ɗaya: akwai kusurwarsa a zaure, nan kaɗai zai jingina. Shi kuma bai fasa ba, ko da furfura ta fito mata, in ta wuce sai ya taɓa ni ya ce, "Wace yarinya ce wannan a gidana?"

A shekarar da aka sauya kuɗi zuwa naira Allah ya karɓi abinsa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni aka aika na sayo yadin likkafani. Ya Falmata ta karɓa ta shige da shi ciki, ta ɗan jima, aka ga an shanya shi a igiya. Da ya bushe aka kawo, liman ya duba ya ce bai taɓa ganin likkafani mai haske haka ba. Na dubi hannunta, na ga bakin farcenta da ɗan shuɗi. Ta ce mini a hankali, "Ɗan kaɗan na sa."

Ta rayu shekaru bayansa, ba ta sake aure ba. Kowace Salla ana shafe gidan da farar ƙasa, amma ban da kusurwar nan ta zaure, inda shatin bayansa yake. A nan take zama da yamma tana ƙulla turarenta, da tsohon saƙinsa a kafaɗa, matar da ta taɓa cewa kar a goge ta.

Allah ya jiƙan Yaya Hamidu, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa rigunan bayin Allah da ya ɓata. Allah ya haɗa shi da yarinyarsa a inuwar da ba ta gushewa. Amin.